Rubutun Hannun Sha'irai: Littattafan Waƙa da Wasiƙun da Nake Tarawa a Kaduna

Littafin waƙa yana fitowa daga maɗaba'a ne da yawa a lokaci guda, kowane kwafi daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya fi wani da komai. Amma da zarar sha'irin da ya wallafa shi ya ɗauki guda ɗaya, ya buɗe bangon farko ya rubuta sunan wanda zai ba, ya bi shi da addu'a, ya sa kwanan wata, to wannan kwafin ya fita daban, domin ya zama shaida a kan wata hulɗa da ta gudana tsakanin mutum biyu a wata rana sananniya. Irin waɗannan littattafai, tare da wasiƙun da marubuta waƙoƙi suka aika wa abokansu da ɗalibansu da ma'aikatan jarida da na rediyo, su nake bi ina tarawa a nan Kaduna shekara da shekaru. Abin da na fi nema a cikinsu shi ne sanin hannuwan da waƙa ta bi kafin ta iso gare mu: wanda ya tsara ta, wanda ya rubuta ta, wanda aka ba, da wanda ya adana ta bayan duk sun rasu.

Kaduna ta dace da wannan nema saboda tarihinta. Tun daga 1917 ita ce hedikwatar Arewa, har zuwa 1967 da aka rarraba yankin zuwa jihohi, saboda haka a nan ne akawuna da malaman makaranta da manyan ma'aikata daga kowane lardi suka taru. A nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, a nan jaridar New Nigerian ta fara fitowa a 1966. Zariya kuwa, wadda ba ta wuce tafiyar kimanin kilomita 80 ba, ita ce mahaifar ɗab'in Hausa na boko: can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, wato NORLA, ta yi aikinta a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na Arewa, wato Northern Nigerian Publishing Company (NNPC), ya biyo baya a 1966. Sha'irin da aka buga masa littafi a Zariya, ko wanda ya zo Kaduna don ya rera waƙarsa a rediyo, ba ya rasa masaukin da zai kwana da abokin da zai bar wa kwafi. Waɗancan abokai sun yi ritaya sun zauna a Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kabala da Unguwar Rimi, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma takardunsu suna nan cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadaje, 'ya'ya da jikoki ba su san abin da ke ciki ba.

Littattafan kansu ba su da wani kwarjini a ido. Sirara ne, an ɗinke su da waya biyu a tsakiya, takardarsu mai araha ce, kuma don 'yan makaranta da masu yaƙi da jahilci aka yi yawancinsu. Arahar nan ita ta jawo ƙarancinsu a yau, domin abin da aka saya da 'yan kwabbai ba a cika kula da shi ba. Ana naɗe shi a sa aljihu, a ba wani aro, ya yage, a yar. Bugun farko mai cikakken bango yana da wuyar samu, balle wanda marubucinsa ya yi rubutu a ciki. Idan littafi ya zo hannuna nakan fara duba kuɗin da aka buga a bayan bango, saboda idan da sule da kwabo na tsohon lissafi ne, an buga shi kafin Janairun 1973 da naira ta fara aiki, ko da kuwa shafin da ke ɗauke da shekarar bugu ya ɓace.

Sai dai duk wanda zai shiga wannan harka a ƙasar Hausa ya kamata ya san cewa rubuta suna a bangon littafi sabon abu ne a wurinmu, ya zo ne tare da boko da maɗaba'a. Sha'iranmu na da a cikin waƙar suke sa hannu. A baitocin ƙarshe, bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, mai waƙa yakan faɗi sunansa da na mahaifinsa ko garinsu, wani lokaci ya faɗi adadin baitocin don kada a ƙara ko a rage, sannan ya kawo ramzi, wato kalmar da idan aka tara darajar haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira. Lissafin da malamanmu suka gada na ƙasashen Magrib ne, wato arewa maso yammacin Afirka, inda a cikin haruffan Larabci shinun take 1000, ra take 200, sinun take 300. Saboda haka ramzin da ya ƙunshi shinun da ra yana nuna ƙarni na goma sha uku na Hijira, wanda ya fara a wajen 1786, zamanin da ya haɗa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Wanda ya ƙunshi shinun da sinun kuwa yana nuna ƙarni na goma sha huɗu, daga wajen 1883 zuwa gaba. Wannan dabara ta fi sa hannu a bango ƙarko, domin bango yana yagewa, amma baiti yana tafiya tare da waƙar duk inda aka kwafe ta ko aka haddace ta.

A nan ne kuma masu sabon shiga suke ruɗewa. Ramzi yana faɗar shekarar da aka tsara waƙa, bai faɗi shekarar da aka rubuta takardar da ke hannunka ba, tunda almajirin da ya kwafe ta bayan shekara saba'in zai kwafe ramzin yadda ya same shi. Don a san shekarun takarda sai an duba wasu abubuwa. Ana ɗaga ta a hasken rana a ga ko tana da alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, irin takardar da ake yi a arewacin Italiya wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga Tarabulus da Masar. Ana duba tawada, a ga ko irin ta gida ce da ake haɗawa da ƙaro, wadda takan koma ja-ja idan ta tsufa. Mafi muhimmanci, ana karanta layukan da mai kwafa ya ƙara a ƙasa bayan ya rubuta tammat, wato ta kammala, inda yakan ambaci sunansa da sunan wanda ya sa shi aikin, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa. A wurina waɗannan layuka su ne kakannin rubutun da sha'iran boko suke yi a bangon littafi, kuma ina ba su daraja ɗaya, domin su ma suna gaya mana wanda ya so waƙar har ya biya aka rubuta masa ita.

Akwai kuma manyan sha'irai da neman rubutun hannunsu bai ma taso ba. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne tun yana ƙarami. Da ka yake tsara waƙa, wasu ne suke rubutawa, kuma ta bakin almajirai da masu bara ta game ƙasa. Duk wanda ya kawo maka littafi ya ce ga rubutun hannun Namangi, ka san akwai magana. Abin da mai tarawa zai nema a nan shi ne kwafin da wani na kusa da shi ya rubuta daga bakinsa, da bayanin wanda ya rubuta ɗin da lokacin da ya yi. Haka nan rubutun da aka yi da biro amma aka sa masa kwanan wata na shekarun 1930 ba ya buƙatar dogon bincike, tunda biro bai shiga kasuwannin duniya sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jabu bai yi yawa a wannan fage ba tukuna, saboda babu kuɗi mai yawa a cikinsa; abin da ya fi yawa shi ne kuskure na gaskiya, inda iyali suka taso suna jin cewa wane ne ya rubuta, alhali mai littafin ne ya rubuta sunan sha'irin da hannunsa don tunawa.

Cikin abin da na tara, wanda na fi komawa gare shi ƙaramin littafi ne na wani malamin firamare da ya yi zamani a Tudun Wada, wanda ya buga waƙoƙinsa da kuɗinsa a wata ƙaramar maɗaba'a, kuma sunansa bai taɓa shiga littattafan nazari ba. A cikin bangon farko ya rubuta da shuɗiyar tawada cewa kyauta ce ga amininsa, ya ambaci makarantar horon malamai da suka yi tare, ya yi addu'ar Allah ya bar zumunci. Da a nan ya tsaya, da littafin ya zama abin tunawa kawai. Amma sai ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana gyara kurakuran mai haɗa haruffa. A wani ɗango an yar da gaɓa guda, karin waƙar ya karye, sai ya sa 'yar alama ya rubuta gaɓar a gefe. A wani wuri an mayar da ƙ ta zama k, ma'anar kalmar ta sauya gaba ɗaya, sai ya lanƙwasa mata ƙugiya da bakin alƙalami. A wata waƙa 'yar ƙwar biyar an tsallake ɗango na huɗu ɗungurungum, ya rubuta shi a tsaye a gefen shafi da ƙananan haruffa, har tawadar ta ɗan ratsa zuwa bayan takardar. Duk wanda ya karanta waƙar a wani kwafi zai ɗauka malamin bai iya awo ba. Wannan kwafi guda ne yake wanke shi, kuma saboda irinsa nake cewa littafin da marubucinsa ya taɓa da alƙalami hujja ce ta ilimi, wadda ɗalibin da ke nazarin karin waƙa yake bukata fiye da mai sha'awa irina.

Wasiƙu sun fi littattafai wuyar samu, sun kuma fi su faɗar abin da ba a buga ba. Aika saƙo da waƙa tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Nana Asma'u ta yi musayar baitoci da malaman zamaninta, kuma a zamanin siyasar farko an ga yadda waƙa take amsa waƙa, lokacin da Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa a kan ko Arewa za ta zama jumhuriya ko mulukiya, Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da amsa da tasa waƙar. Abin da ya fito fili ke nan. A ƙarƙashinsa akwai ɗimbin wasiƙu da sha'irai suka riƙa aika wa juna, musamman bayan da ƙungiyoyin marubuta waƙoƙi irin su Hikima da Hausa Fasaha suka kafu, wani yana neman a duba masa amsa-amo, wani yana neman izinin yi wa waƙar wani tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku ya zama ƙwar biyar, wani yana ƙorafin an rera waƙarsa a rediyo ba a ambaci sunansa ba.

Wasiƙar da ke gabana yanzu da keken rubutu aka buga ta, a kan siririyar takarda, kuma ana ganin shatin takardar kabon a bayanta, alamar mai ita ya ajiye kwafi. Keken ba shi da haruffa masu ƙugiya, don haka bayan ya gama sai ya bi kowace ɓ da ɗ da ƙ ya gyara da hannu, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ta tambayi lafiyar iyali da ta makaranta, sannan bayan haka ta shiga magana: yana aiko da baitoci takwas na wata waƙar damina da bai gama ba, yana tambayar abokinsa ko kalmar da ya sa a ƙarshen baiti na uku ta zauna, domin shi kansa yana jin ta ɗan yi nauyi a harshe. A ƙasa ya rubuta kalmomi biyu da yake tunanin musanyawa da ita. Waƙar ta fito daga baya a littafinsa, kuma kalmar da ke cikin bugun ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ce. Ina ɗaukar cewa daga amsar abokin ta zo, ko da yake wannan zato ne nawa, tunda amsar tana can gidan da aka aika ta in har ta tsira. Ambulan ma yana da nasa bayani, shi ya sa ba na yarda a raba wasiƙa da shi. Kan sarki da hatimin gidan waya suna ba da gari da rana, adireshi kuma yana taimakawa, saboda wasiƙar da aka rubuta wa Jihar Arewa ta Tsakiya tsakanin 1967 da 1976 ta fito, kafin a sauya sunan zuwa Jihar Kaduna.

Rubutun mata ya fi kowanne ɓuya. An buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a 1983, amma mata da yawa da suka yi waƙoƙin wa'azi da na Islamiyya da na yaƙi da jahilci a littafin rubutu na 'yan makaranta suka bar su, kuma idan aka zo rabon kaya ba a lissafa irin wannan littafi a cikin abin da za a adana.

Yadda ake samun waɗannan abubuwa yana bukatar haƙuri da ladabi fiye da kuɗi. Wasu nakan tsince su a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin masallatai da kasuwanni, amma mafi yawa daga gidaje suke fitowa, kuma gidan da aka yi rashi ba wurin ciniki ba ne. Ba na zuwa sai an kwana biyu da sadakar arba'in, kuma ba na zuwa ni kaɗai. Sai da wani wanda gidan suka sani. Idan uwargidan marigayi ce ta fito, bayan gaisuwa da ta'aziyya nakan ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Na ji an ce yana da takardun waƙoƙi, ina roƙon a ba ni izini in duba su a nan gabanku, ba sai na fita da su ba." Sau da yawa amsar ita ce, "Ɗana, sai yayyenka sun hallara, kayan marayu ne." Gaskiyarta ke nan, domin littattafan mamaci suna cikin gado, kuma ba ya halatta mutum ɗaya ya bayar ko ya sayar da su ba da yardar sauran magada ba. Na fi son in jira shekara in samu da yardar kowa a kan in karɓa a ɓoye daga hannun wani yaro da ke neman kuɗin kashewa. Idan sun yarda su sayar, nakan gaya musu gaskiyar abin da na gani a ciki kafin a yi maganar kuɗi. Idan ba su yarda ba, nakan roƙi in ɗauki hoto da waya, in kuma nuna musu yadda za su adana na asalin.

Wasiƙa kuma tana da wani nauyi da littafi ba shi da shi. Wanda ya rubuta ta mutum ɗaya ya nufa, kuma a tsakanin maganar waƙa akan sami maganar bashi, ko rashin lafiya, ko saɓani da wani wanda 'ya'yansa suna raye. Mallakar takardar ba ta ba ni ikon tona abin da ke cikinta ba. Abin da ya shafi waƙa nakan nuna wa masu nazari, abin da ya shafi sirrin gida kuwa yana nan rufe, sai in iyalin ne da kansu suka ce a buɗe.

Adanawa a Kaduna tana da nata wahala. Daminarmu tana da nauyi, a watan Agusta da Satumba danshi yana shiga har cikin akwati, takarda ta yi fumfuna, wayar ɗinki ta yi tsatsa ta ci tsakiyar littafi. Da hunturu kuma takarda takan bushe ta yi ƙaras, ƙura ta shiga ko'ina. Gara ita ce babbar abokiyar gaba, domin tana iya cinye akwati guda daga ƙasa alhali samansa yana nan lafiya lau, shi ya sa ba na ajiye komai a ƙasa ko a jikin bango. Nakan cire wayar da ta yi tsatsa a hankali, in sa kowace wasiƙa a buɗe cikin farar takarda mai kauri maimakon a bar ta a ninke, saboda a kan ninki take fara karyewa. Abu biyu nake roƙon mutane su daina: manna yagaggen shafi da salatif, wanda gam ɗinsa yake rina takarda ya bar tabo har abada, da kai tsohuwar takarda shago a rufe ta da leda mai zafi, domin abin da aka yi wa haka ba ya ɓaruwa kuma. Magabata da suke sa warƙoƙi tsakanin tadarishi su zura a gafaka su rataye sun fi mu fahimtar abin da takarda take so.

Kowane abu da ya shigo hannuna ina rubuta tarihinsa a wani babban littafi: gidan da ya fito, wanda ya ba ni, dangantakarsa da mai shi na farko, da abin da aka gaya mini a kansa, tare da bambanta abin da na gani da idona da abin da aka ba ni labari. Littafi mai rubutun hannu da ba a san inda ya fito ba ya yi asarar rabin amfaninsa. Ayyukan Nana Asma'u sun kai ga masu bincike har aka tattara su aka buga a 1997 ne saboda gidan Wazirin Sakkwato ya riƙe su, an kuma san hannun da suka bi daga kaka zuwa jika. Mu ma a nan muna da inda za a kai: akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi da bincike a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke cikin garin nan. Na riga na gaya wa iyalina a rubuce cewa abin da na tara ba na rabo ba ne, wuri ɗaya za a kai shi tare da babban littafin, kuma na fara ba wasu ɗaliban sashen Hausa hotunan abin da ya halatta a gani.

Sha'iran yau a waya suke tsara waƙa, su gyara a waya, su tura ta WhatsApp ko Facebook, kuma gyaran yana shafe abin da ya gabace shi, ta yadda mai nazari na gaba ba zai ga kalmar da aka fara sawa aka cire ba. Saboda haka duk marubucin waƙar da na haɗu da shi a taron ƙaddamar da littafi ko a zaman marubuta, bayan ya rubuta mini suna a bango, nakan miƙa masa farar takarda mai kyau in roƙe shi ya rubuta mini waƙa guda da hannunsa, da boko ko da ajami, ya sa gari da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, in kuma akwai baitin da ya taɓa sauyawa ya rubuta tsohon a gefe. Dattawa sukan karɓa nan take, wasu har su ƙara da ramzi. Matasa sukan ce rubutunsu ba shi da kyau, sai na nuna musu hoton shafin malamin nan na Tudun Wada a wayata, sannan su nemi in bar musu takardar su kawo mini a zama na gaba.